Kalmar da Gara Ta Ci

Ranar da Hambali ya dawo Kila
motar ba ta kawo gado ba, ba ta kawo kujera ba,
kwali goma sha tara, takardu zalla.
Yara suka yi ta jida kamar dammunan gero,
na ce a zuba su a rumbun da dawa ta ƙare.

Ni ne wansa. Ni na ja akuyar Inna
zuwa kasuwar Sara, tana tirjiya,
don a sami kuɗin motarsa zuwa Zariya.
Shekara arba'in da ɗaya ke nan.
Ya tafi da wando ɗaya, ya dawo da furfura,
da tabarau mai kaurin gindin kwalba,
da wani suna a gaban sunansa.
Mu ce Farfesa, Inna ta ce farfesu,
haka ta kira shi har ta koma ga Mai ita.

Na ce, me ka noma a can?
Ya ce, sarakunan da suka kwanta shekara ɗari biyar,
da malaman da ke zaune gefen shimfiɗarsu
suna rubuta musu abin da kunne ba ya so,
a hankali, da lallami,
don wuya ba zogale ba ne, in an sare ba ya tofo.

Bayan isha'i ya haska mini hoton wata takarda,
ya bi layi guda da yatsa, ya fassara:
"Mulki ba ya tsayuwa sai da..."
Daga nan sai rami.
Gara ta riga shi zuwa.
Ramin bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

A bakin ramin nan ya sami digirinsa na uku.
Shi ya ce adalci ne aka rubuta.
Wani a Alƙahira ya ce takobi,
wata a Tumbuktu ta gwada faɗinsa da zare ta ce dukiya.
A kansa ya hau jirgi har ya daina ƙirge,
a kansa ya ɓata da aminin da suka ci kwano ɗaya.
An riƙe albashi wata takwas, bai tashi daga bakinsa ba.
Ɗalibai sun bi ta hannunsa kamar ruwa a kwata,
wasunsu yau suna gefen shimfiɗar manya.
Na ce, suna faɗin abin da kunne ba ya so?
Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

Da damina ta faɗi, rikicin burtali ya taso,
dagaci ya aiko a zo da masanin mulki.
Hambali ya zauna tun hantsi har la'asar
bai ce uffan ba.
Gwaggo Ladingo ce ta taka da sandarta
ta tono tsohon saiwar gamba inda iyaka take.
Kowa ya kaɗe rigarsa ya tafi.

A hanyar gida na ce masa,
ni dai ban yi boko ba, amma na ga shekarar fari,
na ga dagaci da talaka a layin tsaba ɗaya.
In ni ne, ruwa zan sa a ramin nan.

Ya yi dariya har da tari.
Sai ya tsaya cak a tsakiyar kunya,
ya lalubo biro, ya rasa takarda,
ya rubuta a tafin hannunsa.

Yanzu kullum da asuba ina barbaɗa toka
a gindin rumbun, don na ga sun fara gini.
Shi kuwa yana kan tabarma da kofin kunu
yana kallona.
Jiya ya ce, sassauta musu, Ilu.
Su suka ɗauke ni aiki.